Surukina Mai Ƙafa Huɗu

Yaran yanzu masu jirgin inji suna dariya idan suka ji an ce ni, Ululik na Neki, na taɓa ɗaura ɗamarar kare a ƙirjina na ja amalanken ƙanƙara kwana uku, kare kuma yana zaune a kan kaya yana kallona. Su yi ta yi. Abin da babba ya hango daga zaune, yaro ko ya hau dutse ba zai gan shi ba. Ban yi makaranta ba, 'yan baƙaƙen da na sani malamin coci ne ya cusa mini su bayan furfura ta fito. Da su zan rubuta abin yadda ya faru, domin taubashina Avatak ya shekara arba'in yana ba da labarin nan a gidajen mutane, kuma kowace shekara sai ya ƙara masa kitse.

Uban matata sunansa Imina. Ba a zagin mamaci, ni ma ba zan zage shi ba, aikinsa kawai zan faɗa. Ran da za a fita farautar dorinar teku, ranar mashinsa yake karyewa. In mashi lafiya, to baya ne ya riƙe. Amma duk gidan da aka ɗora tukunya a Neki, kafin ta tafasa za ka ji mutum yana rarrafowa ta ƙofa yana nishi, ya ɗago kai ya ce, "Ashe na zo a kan gaɓa." Bai taɓa kuskuren gaɓa ba ko sau ɗaya. Da na auri 'yarsa Tukumek sai ya rabar da karnukansa, ya ce gida ɗaya bai kamata ya wahala da amalanke biyu ba. Shekara shida yana hawan nawa, yana zaune a baya cikin fata yana koya mini tuƙi.

Ciwon ƙirji ya ɗauke shi a watannin duhu, lokacin da rana ba ta fitowa a ƙasarmu. To a wurinmu mutum yakan mutu, amma sunansa ba ya mutuwa. Yana nan yana yawo cikin sanyi ba jiki, ba mai ambatonsa, har a haifi jariri a saka masa, namiji ne ko mace duk ɗaya. Daga nan mamacin ya dawo gida ke nan, kowa ya ci gaba da kiransa yadda yake kiransa da. Sai aka yi rashin sa'a, shekarar ba macen da ta haihu a Neki. Surukata Inaluk ta jira wata biyu, ta fara cewa tana jin sa a bakin ƙofa yana rawar sanyi. Avatak ya ce ba sanyi ba ne, ƙanshin tukunya ya jiyo.

Ana cikin haka karyata Farar Ƙafa, wadda ke jagorantar karnukana, ta haifi 'yan kwikwiyo shida. Inaluk ta zo ta tsuguna tana dubawa. Akwai ɗaya da ya ture 'yan'uwansa ya kwanta a kan nono biyu, yana shan ɗaya yana tsare ɗaya.

Ta ce, "Ga shi nan. Ko ba fitila na gane shi."

Na ce, "Inna, kare ne fa."

"Na ce maka doki ne? Aro za a ba shi, ya zauna a ciki ya ji ɗumi kafin a samu jariri. Ko so kake ya daskare a waje?"

Mutum ba ya jayayya da surukarsa. Daga ranar Tukumek take ce wa kwikwiyon Baba, ni kuma ina ce masa suruki. Ba a taɓa shi da bulala, ba a tsallake shi in ya kwanta a hanya, kuma shi ake fara jefa wa nama.

Ya girma ya zama ƙaton kare, ƙirji faffaɗa, gashi kamar an shafa masa mai. Hali kuwa zanen dutse. Mu kowane kare da igiyarsa muke ɗaura shi, su bazu a gaban amalanke kamar yatsun hannu, don haka da igiya ake gane mai aiki. Ta Imina kullum a miƙe take sambal, ya sunkuyar da kai, ya fito da harshe, ka rantse shi kaɗai ke jan kayan. Amma ka taɓa igiyar da kan bulala, sai ta yi lilo kamar hanji. Ya koyi tafiya daidai da gudun amalanke, ba ya gaba, ba ya baya. Wannan ilimi ba a koya wa kare shi. Da shi ya zo.

Bayan shekara biyu, har lokacin ba a yi haihuwa a Neki ba, jirgi ya kawo wani Bature mai suna Tofte, mu kuma muka sa masa Mai Fensir, don ko atishawa ka yi sai ya rubuta. Ya ce yana so ya haye babbar ƙanƙarar tudu ya je ya ga wata gaɓar teku da ba wanda ya taɓa gani, ya dawo, tafiyar kwana sittin da huɗu. Ba mu tambaye shi abin da ya ajiye a can ba. Yana neman matuƙa biyu, kowa da kare goma sha huɗu, lada kuma sabuwar bindiga da katako. Avatak yana da sha huɗunsa. Ni sha uku gare ni, sai suruki.

Avatak ya ce, "Ka ƙirga da tsohon mana. Ai Bature ƙafa yake ƙirgawa, ba zuciya ba."

Mai Fensir ya zo ya bi karnukan ɗaya bayan ɗaya yana latsa su. Da ya zo kan Imina ya daɗe yana shafa ƙirjinsa, ya ce a duk Neki bai ga kare kamar wannan ba. Avatak, wanda ya ɗan iya yaren Turawa don ya yi aiki a kantinsu, ya fassara mini, ya ƙara da cewa, "Gaskiya ya faɗa."

Na je na shaida wa mata. Inaluk ta ce, "Tafi da shi. A zuwansa na farko bai taɓa wuce dutsen can ba, bari ya ga duniya." Tukumek tana da ciki a lokacin, tana zaune tana tauna fatar takalmina don ta yi laushi. Ta cire ta daga baki ta ce, "Maigida, ka dawo mini da Babana da ƙafarsa. In ka dawo ba shi, kada ka tsayar da amalankenka a ƙofar nan, ka wuce gaba." Ba ta ɗaga murya ba. Na san ta, in ta yi ihu wasa ne, in ta yi magana a hankali an gama.

Na ɗan kalli cikin, na kalli surukata. Ta gane tambayar, ta ce, "Da saura. Sai ƙanƙarar teku ta fashe. Za ka je ka dawo har ka huta." Ban ƙara ba. Namiji ba ya zama ƙirga watanni da uwar matarsa, kuma a cikin rigar fata ba a gane girman ciki.

Muka hau tudu a lokacin da rana ta daina faɗuwa. Wanda bai je can ba bai san wofi ba. Ba tsuntsu, ba sawun dabba, ba dutse, fari kawai ta ko'ina. Duk abin da mutum da kare za su ci, a kan amalanke yake. Farar Ƙafa tana gaba da doguwar igiya, ita ke jin inda tsaga take a ƙarƙashin dusar ƙanƙara tun kafin ido ya gani, sai ta tsaya cak ta kauce, sauran su bi ta. Kusa da ita Guntun Kunne, wanda in kaya ya kafe shi ke fara fizga. Suruki yana gefe yana aikinsa na fito da harshe.

Ran kwana goma sha huɗu Mai Fensir ya kira mu cikin tanti, ya buɗe littafinsa. Avatak yana saurare, sai na ga dariya ta bar fuskarsa.

Ya ce, "Wai daga gobe, duk bayan kwana huɗu za a yanka kare ɗaya a kowane amalanke a ba sauran. Wai kaya na raguwa, to karen da ba a bukata ya zama abinci mai kai kansa. Kowa zai koma gida da uku. Tun a garinsu ya rubuta."

Ba wai ba mu taɓa cin kare ba. Duk wanda ya yi tafiya ya sani, in yunwa ta kai yunwa ana yi. Amma a wurinmu yunwa ce ke yanke hukunci, ran da ta zo. Ban taɓa jin mutum ya zauna a ɗaki mai murhu, cikinsa cike, ya rubuta ranar mutuwar karen da bai ko gani ba. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bindigar tana rataye a amalankena.

Mai Fensir ya fita ya nuna na Avatak, wata tsohuwar karya mai tari. Sannan ya juyo wajen nawa, ya wuce kai tsaye ya ɗora hannu a kan Imina. Ya ɗaga igiyarsa da yatsa ɗaya ya sake ta, ta yi lilo. Ashe Baturen ba wawa ba ne, kwana goma sha huɗu yana kallo.

Na ce, "Avatak, gaya masa wannan ba ya yankuwa."

"In ce masa me ya sa?"

"Ka ce masa surukina ne."

"Kai dai ka faɗa da bakinka. Ni in na faɗa zai ce na sha man fitila."

Amma ya faɗa. Mai Fensir ya yi dariya har ya zauna a kan ƙanƙara. Da ya ga ban yi ba sai ya zaro fensir, ya yi ta tambaya yana rubutu, shafi biyu cur, yana murna kamar wanda ya tsinci wuƙa. Da ya gama ya ce shi mutum ne mai girmama al'adun mutane. Abin da yake so nama ne a ranar da ya rubuta. Wane kare ne, wannan ni ya shafa.

Kun ji girmamawa. Ya cire wuƙar daga hannunsa ya sa a nawa.

Haka muka yi ta tafiya. Avatak yana fara yanka ragwaye, saboda haka kullum amalankensa ƙara kyau yake. Ni kuwa duk ran yanka sai in tsallake babban rago in kama wanda ya yi mini aiki. Karnuka ba sa son naman ɗan'uwansu da ɗumi, sai ya daskare ƙanshin ya mutu suke ci, wasu ma sai sun kwana biyu. Imina bai taɓa jira ba. Kafin in goge wuƙa yana tsaye a gabana yana kaɗa wutsiya. Sauran suna ramewa saboda suna jan rabonsu da nasa, shi kuwa har wuya ya ajiye.

Avatak ba ya gajiya. In mun tsaya sai ya zo ya durƙusa a gaban karen ya ce, "Barka da hutawa, Baba. Yaya gajiyar kallo? Yaron nan yana kula da kai kuwa?" In ya ga na ɓata rai sai ya ce, "Ni me na yi? Ni na ce ka auri 'yar kare?"

Ran kwana talatin da biyu muka isa inda ake nema. Duwatsu ne baƙaƙe da teku a daskare, irin wanda muke da shi a bayan gida. Mai Fensir ya auna rana da ƙarfensa, ya tara duwatsu ya kafa tuta, ya yi kuka kaɗan, ya sa wa wurin sunan wani mai sayar da sabulu a garinsu wanda ya biya kuɗin tafiyar. Sannan ya cika buhu biyu da tsakuwa ya ɗora mana. Muka juyo.

Littafin ya yi daidai har kwana hamsin da biyar, ban musa ba. Kowa ya rage da uku, muka yar da amalanke ɗaya muka haɗa shida a ɗaya. Nawa su ne Farar Ƙafa, da Guntun Kunne, da wanda kuka sani. Na fara cewa a raina an tsira. Abin da Mai Fensir ya manta bai rubuta ba shi ne iska. Ta taso daga tudu ta kwantar da mu kwana shida a tanti, ba ka ganin hannunka in ka miƙa. Da ta lafa, gwangwanin nama ya ƙare, ga sauran tafiyar kwana tara a gabanmu, kuma yanzu ba karnuka kaɗai ke jiran naman kare ba, har da mu.

Muka yi yarjejeniya, yau nawa, gaba na Avatak. Na ba da Guntun Kunne. Bayan kwana biyu Avatak ya ba da nasa ɗaya. Bayan wasu biyun aka dawo kaina.

Avatak ya ja ni gefe, wannan karon ba wasa a bakinsa. Ya ce, "Ɗan kawu, saurara. Karya ɗaya ta rage maka a duniya, duk karnukanka daga cikinta suka fito. In ka yanka ta, da me za ka sake tara wasu? Da bindiga za ka ja amalanke? Ba mai gani a nan sai ni da Baturen nan, shi kuma ba ya jin yarenmu. Zan ce tsohon ya faɗa tsaga. Zan ma ce yana cikin ja ya faɗa, a yi masa suna mai kyau sau ɗaya."

Na ce, "Kai? Bakinka da ba ya riƙe ruwa?"

"Wannan zan riƙe."

Na ɗauki wuƙa na kwance Imina na zaga da shi bayan wani tudun dusa. Ba zan ɓoye ba, da niyya na je. Na durƙusa na kama wuyansa. Bai ji tsoro ba ko kaɗan, tunda a rayuwarsa wuƙa ba ta taɓa fitowa ba sai don a yanka masa abinci. Ya kalli wuƙar, ya kalli hannuna, ya karkata kai gefe yana jira. Wannan karkata kan na san shi. Shekara shida ina ganin sa a bakin tukunyata.

Na tuna maganar Tukumek. Na kuma yi tunani, in na raba sunan da jiki a nan, inda ba gida ba fitila, ina zai nufa? Ni zai bi. Mutumin da ya bi ni yana raye don nama, yaya ke nan in ya bi ni da jini? Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne, ko Avatak ya yi shiru, ni zan kwana kusa da matar nan har in mutu. Na mayar da shi na ɗaure.

Farar Ƙafa ba ta sa na ja ta ba. Da na kwance igiyarta sai ta wuce gaba kamar kullum, tana shinshina ƙasa tana duba mini inda tsaga take. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi ba. Abin da zan rubuta shi ne, karnukan Avatak biyu sun kau da kai daga naman, ni ma ban ci ba sai washegari. Imina ya ci nasa da ɗumi, ya zo yana leƙen nawa. Uwarsa ce fa.

Kare biyu ba sa jan mutum uku da buhun tsakuwa. Mai Fensir ya ce tsakuwa ba za a yar ba, ita ce amfanin tafiyar. Ƙafarsa ta kumbura, da ƙyar yake bin mu a baya. Saboda haka ni da Avatak muka gyara ɗamarar matattu muka sa a ƙirji. Ba mu yi nisa ba suruki ya lura cewa yanzu igiya huɗu ce kawai ban da tasa, ba inda rago zai ɓuya. Sai ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, ya yi ɗingishi, ya kwanta. Na duba ƙafar, ba ko ƙwarzane. Na roƙe shi, na ce suruki a taimaka a tashi. Ya lumshe ido. Ko in bar shi a nan, ko in ɗauka. Na ɗauke shi na ɗora a kan tsakuwar Bature.

Avatak ya waiwaya ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "To, yanzu kam na yarda shi ne. Da ina shakka."

Kwana uku muna ja. A rana ta uku muka gangaro daga tudu muka hango hayaƙin Neki. Teku tana nan a daskare, ko tsagewa ba ta fara ba. Da jin ƙanshin gari sai ƙafar suruki ta warke, ya diro ya wuce gabanmu da gudu, wutsiya a sama. Shi ya fara shiga gari.

Mutane suka fito. Na tsaya a ƙofar gidana da ɗamarar kare a ƙirji, leɓɓana sun farfashe, ba na iya tsayuwa sosai, amma raina fari. Inaluk ce ta fara fitowa. Na ce, "Inna, ga shi na dawo da shi da ƙafarsa."

Ta ce, "Wa?"

Kafin in amsa Tukumek ta rarrafo daga ƙofa, ta miƙe, sai na ga kan jariri yana leƙowa daga hular rigarta ta baya. Ba jaririn jiya ba ne, wuyansa ya tsaya, kumatu sun cika.

Ta ce, "Maigida, sannu da hanya. Gaishe da Baba mana, ga shi a bayana. Mace ce."

Na kalli jaririyar, na kalli karen. Sannan na ce, "Yaushe?"

Inaluk ta ce, "Kwana tara da tafiyarku. Ranar muka kira sunan a kunnenta, ta yi shiru ta kama nono. Ko gardama bai yi ba, ka san shi da son wuri mai ɗumi."

Kwana tara. Wuƙa ba ta fara aiki ba sai ran sha biyar. Ashe tun kafin in yanka na farko, abin da nake ce wa suruki, nake ba shi rabon masu aiki, na yanka uwarsa saboda shi, na ɗauka a kan amalanke na ja da ƙirjina, kare ne kawai. Rago kuma.

Na ce, "Inna, ba ke kika ce sai ƙanƙara ta fashe ba?"

Ta ce, "Da na ce maka saura kwana tara, da ka tafi? Da wa zai kawo bindiga? Kai ma ka yi tunani mana, ɗan nan." Sai ta leƙa bayana. "Ina sauran karnukan? Ina Farar Ƙafa?"

Daidai nan karen ya zo yana shafa jikinsa a ƙafarta kamar yadda ya saba. Ta ɗaga takalmi ta tokare shi. "Kai, tafi can! Wannan ƙaton banzan kuka dawo da shi kuka bar na kirki? Ku maza dai ba ku da lissafi."

Avatak ya zauna a kan ƙanƙara ya rufe fuska da hannu biyu. Mutane suka ɗauka kukan gajiya yake yi.

Garin neman gira na rasa ido. Ina da bindiga, ina da katako, ba ni da abin da zai kai ni inda dabba take. Shekara uku ina bin amalanken mutane a baya kamar marigayi, ina karɓar kwikwiyon da aka raina, kafin na sake haɗa takwas, kuma har na daina tuƙi ban sake samun mai jin tsaga kamar Farar Ƙafa ba.

Karen kuwa, a ranar na yi niyyar gamawa da shi, tunda yanzu ba abin da ya tsare shi. Mai Fensir ya hana. Ya ce a cikin sha huɗu wannan kaɗai ya je ya dawo, kuma ya dawo da ƙiba, shi ya fara shiga gari, to wannan shi ne irin da ya fi kowane ƙarfi, dama tun ranar farko ya faɗa. Na ce wa Avatak ya tuna masa wa ya ɗaga igiya da yatsa ɗaya. Avatak ya ce, "Bar shi. Wancan shafin ya wuce, yanzu wani yake rubutawa." Da jirgi ya zo aka hau da karen, aka shimfiɗa masa bargo. Bayan shekara biyu wani ma'aikacin kanti ya nuna mana hotonsa a takarda, yana zaune a kan kujera da wani ƙarfe mai walƙiya a wuya, mata sun kewaye shi. An ce har layi ake yi a kawo masa karya don a samu irinsa. Avatak ya ce shi ya sa duk Baturen da ka tambaya aikin me karensa yake yi a gida, sai ya ce kwanciya a bakin murhu.

Ku yara, abin da nake so ku riƙe shi ne, kafin ka yi wa abu biyayya har ka zubar da jini, ka tabbata yana nan inda ka bar shi. Ban ce ku raina al'ada ba. Duk wanda na ji ya ce haka na faɗa, sandata tana nan.

Yarinyar ta girma, Imina sunanta, 'yata ce ta cikina amma ban taɓa kiran ta da wani abu ba sai suruki, ban taɓa ɗaga mata murya ba. An yi mata aure, ta haifi biyar, yanzu ita ma furfura ta fara. Allurarta takan ɓata duk ran da za a yi ɗinkin fata. Gidanta yana can ƙarshen gari, nawa yana nan. Ɗazu Tukumek ta ɗora ɗan naman da maƙwabci ya aiko mana, wanda bai fi cikin mutum biyu ba, ta rufe ƙofa sosai don kada ƙanshi ya fita. Yanzu tukunya ta fara motsi, kuma ga shi ina jin takun mutum a waje yana nishi. Bari in ajiye fensir in matsa, a ba manya wuri.